Yadda Ake Facin Tayar Keke Ya Riƙe, da Shirin Hawan Yamma a Hanyar Gonaki

Masu keke da yawa suna ta maimaita tambaya ɗaya: an yi faci yau, gobe da safe an tashi taya ta sake kwantawa, ina matsalar take? Wasu kuma suna son fita shan iska da keke bayan la'asar ta hanyar gonaki, amma tsoron ƙaya ya hana su yin nisa. Facin da ba ya riƙewa, kusan kullum ɗayan abu biyu ne ya ɓata shi. Ko dai an bar abin da ya huda tiyub ɗin yana nan maƙale a cikin taya, ko kuma an manna faci tun gam bai sha iska ba. Wanda ya kiyaye waɗannan biyu zai iya shiga burtali da yamma hankalinsa kwance.

Kayan aiki da abin da ya dace a kashe wa kuɗi

Kana buƙatar famfo wanda bakinsa ya dace da bawul ɗinka, liba biyu ko uku na buɗe taya, gam ɗin faci, faci, ɗan guntun samfefa, biro ko alli, tsumma, da sifana mai lamba 15, domin ita ce ke kama notin wili a yawancin kekuna. A gida ka ƙara da bokitin ruwa.

Gam da faci su ne mafi araha, sai tiyub, sai taya. Kwalin faci guda zai yi maka aiki sau da yawa, saboda haka kada ka yi tsimi a nan. Inda ya dace ka ɗan buɗe hannu shi ne famfo mai nuna awon iska da kuma tiyub guda na ajiya. Kafin ka sayi tiyub, karanta lambar da ke jikin tayarka. Manyan kekunan ɗaukar kaya irin su Phoenix, Hero da tsohon Raleigh galibi 28 x 1½ ne. Kekuna masu giya da ƙaton taya kuwa yawanci 26 x 1.95 ne, wasu 27.5 ko 29.

Gargaɗi: gam mai saurin kamawa da ake liƙa fasasshen kofi da shi ba ya facin tiyub. Yana bushewa ya sandare, tiyub na buɗewa ya tsage. Haka kuma gam ɗin faci da aka buɗe ya daɗe a ajiye yakan daskare a cikin mazubinsa, don haka matsa shi ka gani kafin ka dogara da shi.

1. Fara da bawul

Kafin ka kwance komai, busa iska ka shafa ɗan yawu a bakin bawul. Idan ya yi kumfa, bawul ne ke sakin iska, mai yiwuwa tiyub ɗinka lafiya lau yake. Bawul iri uku ne. Akwai mai kauri irin na mota, akwai siriri mai ɗan noti a kai wanda ake sassautawa kafin a busa, akwai kuma na tsofaffin kekuna wanda ake kwance zobensa a zaro cikinsa. Wannan na ƙarshe yakan zo da 'yar siririyar roba sanye a jikinsa, zafin rana na busar da ita har ta tsage. Sauya robar kawai, aiki ya ƙare. Na irin mota kuma wani lokaci cikinsa ne ya yi sako-sako, sai a ɗaure.

2. Cire wili, ko ka bar shi

Wilin gaba ba shi da wuya: saki birki, kwance noti biyu, zare. Ka jera noti da washa a kan tsumma yadda suka fito, na dama dabam, na hagu dabam.

Wilin baya na keke mai giya, fara sauke kaca kan ƙaramin haƙori na waje kafin ka kwance, zai fita da sauƙi kuma zai koma da sauƙi. Babban keke mai birkin sanda da murfin kaca kuwa, kada ka wahalar da kanka. Kifa keken ko ka kwantar da shi, ka buɗe taya ta ɓangaren da babu kaca, ka jawo tiyub waje ka yi facin wilin yana wurinsa. Sai idan sabon tiyub za ka saka ne cire wilin ya zama dole.

Gargaɗi: idan birkinka na faifai ne mai aiki da mai, kada ka matsa hannun birki bayan wili ya fita. Takalman birkin za su haɗe, faifan ya ƙi shiga.

3. Buɗe taya

Fitar da sauran iskar gaba ɗaya, ka kwance ƙaramin notin da ke gindin bawul idan akwai. Yanzu bi tayar ka matse ta da hannu zagaye guda, domin leɓenta ya sauka cikin kwarin da ke tsakiyar rim. Mutane da yawa suna tsallake wannan, sai su yi ta kokawa da liba. Leɓen taya yana da waya a ciki wadda ba ta miƙewa, sararin da kake nema daga wannan kwarin yake fitowa.

Saka liba ta farko a ɓangaren da ke nesa da bawul, ka ɗago leɓen, ka maƙale ta a sifok, wato siraran wayoyin wili. Saka ta biyu kamar faɗin tafin hannu daga ta farko, ka ɗago, sannan ka ja ta zagaye. Gefe ɗaya kawai za ka buɗe. Zaro tiyub, bawul ya fita a ƙarshe.

Gargaɗi: kada ka yi amfani da sukurdireba ko wuƙa. Suna cizon tiyub, ka shiga da huda ɗaya ka fito da uku. In babu liba, mariƙin cokali mai santsi ya fi. Kuma kada ka juya tayar a kan rim, kada ka birkita tiyub ɗin. Ka riƙe a ranka wane gefe ne ke fuskantar kaca, za ka ga amfaninsa a mataki na 5.

4. Nemo hudar

Busa tiyub har ya ɗan fi girmansa na cikin taya. Bi da shi kusa da kunnenka ko leɓenka, fatar leɓe tana jin iskar da kunne ba ya ji. In ba ka samu ba, nutsa shi cikin ruwa kashi-kashi, kana ɗan miƙe shi. Kumfar da ke fitowa a jere ita ce huda. Kumfar da ta maƙale kawai a jiki, share ta da yatsa, in ba ta dawo ba ba komai ba ce.

Da ka samu, goge wurin ya bushe, ka ja layi biyu masu tsawo da suka gicciye a kan hudar, domin ko an goge tsakiyar da samfefa, ƙarshen layukan zai nuna maka wurin. Kada ka tsaya a huda ta farko. Kammala zagayen. Wanda ya bi ta kan tsidau da wuya ya fito da huda ɗaya.

5. Gano abin da ya huda

Wannan shi ne matakin da ke raba facin da zai shekara da wanda zai kwana ɗaya. Siffar hudar da inda take suna faɗa maka abin da ya faru.

Ƙaramar huda guda a bayan tiyub, wato ɓangaren da ke fuskantar ƙasa, ƙaya ce ko kwalba ko guntun waya. Ɗora tiyub a kan wili, bawul daidai da raminsa, ka duba inda alamarka ta faɗa a jikin taya. Abin yana nan. Ƙayar aduwa, ta bagaruwa da ta farar ƙaya sukan karye su bar tsininsu cikin roba, daga waje ba a ganin komai, sai an hau keke nauyi ya danna sannan tsinin ya leƙo ya sake soka. Saboda haka ka lanƙwasa tayar a wurin don ramin ya buɗe, ka tura tsinin daga ciki zuwa waje da allura ko bakin ƙusa. Bayan haka bi cikin tayar gaba ɗaya da tsumma, duk inda ya kama akwai wani abu. Sai ka bi da yatsa a hankali. Kada ka fara da yatsa, guntun kwalba da waya suna yanka.

Huda biyu 'yan dogaye kusa da juna, yawanci a gefe, ba ƙaya ba ce. Iska ce ta yi kaɗan, ka daki dutse ko bakin rami, rim ya datse tiyub. Faci ɗaya mai faɗi zai rufe su, amma maganinta na gaskiya shi ne ƙarin iska.

Huda a cikin tiyub, ɓangaren da ke kwance kan rim, daga rim ɗin take. Duba robar da ke lulluɓe kawunan sifok: ta goce, ta tsage, ko kan wani sifok ya fito? Gyara ta ko ka yanko tsohon tiyub ka yi sabuwa, ka huda mata ramin bawul. In tsatsa ta ci rim, goge ta da samfefa.

Tsagewa a gindin bawul ba ta facuwa, sai sabon tiyub. Tana faruwa ne idan ana hawa da ƙarancin iska, taya tana jan tiyub, bawul ya karkace. Doguwar tsaga mai yage-yage kuwa fashewa ce. Ko dai tiyub ya leƙo ta ƙarƙashin leɓen taya, ko tayar kanta ta yage. Idan har kana ganin zare a jikin taya, ko gefenta ya tsattsage, kuɗin faci asara ne, taya za ka saya.

6. Goge, shafa gam, jira

Fitar da iska. Goge wurin da samfefa har sheƙin robar ya tafi, faɗin gugar ya wuce faɗin facin ta kowane gefe. Idan hudar tana kusa da ɗan tudun layin da ke jikin tiyub, goge tudun ya kwanta, in ba haka ba iska za ta bi gefensa ta fita. Kada ka ƙara taɓa wurin da hannu, maiƙon yatsa yana hana kamawa.

Ɗiga gam kaɗan ka baza shi siriri, shi ma ya wuce faɗin faci. Sai ka jira kamar minti 5, har ya daina sheƙi, in ka taɓa can gefensa da bayan yatsa ba ya biyo ka. Lokacin hunturu yana saurin bushewa, da damina yana ɗaukar lokaci. Jiƙaƙƙen gam ba ya riƙe faci, zamewa yake yi.

Gargaɗi: kada ka hura masa iskar baki, akwai laima a cikinta. Kada ka kunna masa ashana don ya yi sauri, kamar yadda wasu ke yi. Gam yana kama wuta, kuma zafin yana raunana robar.

7. Manna faci

Ɓare takardar azurfar da ke ƙasan facin ba tare da taɓa fuskarsa ba, ka ɗora tsakiyarsa daidai kan hudar. Da zarar ya sauka kada ka ɗaga don gyarawa. Ɗora tiyub kan abu mai tauri ka danna da ƙarfi na minti guda, daga tsakiya zuwa gefe, da babban yatsa ko bayan liba. Siririyar ledar da ke samansa, bar ta in ta ƙi fita, ba ta hana komai. Barbaɗa hoda ko garin alli kan gam ɗin da ya rage a gefe don kada ya manne da taya.

In facin da za ka yanko daga tsohon tiyub ne, yanke shi zagaye ba mai kusurwa ba, ka goge fuskarsa sosai, ka shafa gam a jikinsa da jikin tiyub duka, su bushe tare, sannan ka haɗa. Yana riƙewa, sai dai yana son dannawa mai tsawo.

Kada ka busa tiyub ya kumbura a waje don gwaji, yana ɗaga gefen sabon faci. Tiyub da ya tara faci har suna hawa kan juna, lokacin sauya shi ya yi.

8. Mayar da tiyub da taya

Busa iska kaɗan, daidai yadda tiyub zai yi zagaye ya daina naɗewa. Saka bawul a tsaye sak, ka cusa sauran cikin taya ba murɗewa. Fara mayar da leɓen taya da hannu daga wajen bawul. Tura bawul ɗin ciki kaɗan don leɓen ya zauna a ƙarƙashin gindinsa, sannan ka bi dama da hagu lokaci guda. In ƙarshen ya yi tauri, rage iska, ka sake matse tayar cikin kwarin rim zagaye, ka murza ragowar da tafin hannu. Liba a wannan wurin ita ce ta fi yawan huda tiyub da aka gama facinsa yanzu-yanzu.

Kafin ka cika iska, bi gefe biyu kana leƙawa tsakanin taya da rim. In ka hango tiyub, tura shi ciki.

9. Iska

Busa rabi, juya wili ka duba siririn layin da ke gefen taya kusa da rim. Ya kamata ya fito daidai ko'ina. In ya nutse a wani wuri ya kumbura a wani, saki iska ka gyara. Awon da tayar ke ɗauka yana rubuce a jikinta. Da yawa daga masu lamba 26 x 1.95 an rubuta musu PSI (ma'aunin ƙarfin iska) 40 zuwa 65. A hanyar ƙasa ka tsaya kusa da ƙaramar lambar, taya ta fi kama ƙasa, jiki ya fi hutawa. Mai nauyin jiki ko mai ɗaukar kaya ya ƙara a ta baya. In babu awo, hau keken ka duba: taya ta ɗan buɗe kaɗan, ba ta baje ba.

Gargaɗi: injin iskar masu facin mota yana cika tayar keke cikin daƙiƙa kaɗan. A riƙa sa shi a taƙaice ana dubawa.

10. Mayar da wili da birki

Wili ya zauna tsakiya, ɗaure noti biyun bi da bi. A keke marar giya, kaca ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita 1, kada ta yi tsam kuma kada ta yi lilo. Mayar da birkin da ka saki, ka matsa shi ka gani kafin ka hau. Mantuwar nan ta kayar da mutane da yawa.

11. Lissafin lokacin fita

A arewacin Najeriya da kudancin Nijar duhu ba ya jira. A Kano rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 a Nuwamba da Disamba, wajen 7 saura a Yuni da Yuli, kuma bayan faɗuwarta hasken da za ka ga rami da shi bai fi na minti 20 da 'yan kai ba. Idan akwai hazo ko hadari, ya fi haka gajarta.

Kada ka auna nisa da gudun keke, auna shi da tafiyar ƙafa. A hanyar ƙasa mai hawa a natse yana cin kamar kilomita 10 zuwa 12 a awa, mai tura keke kuwa 4 zuwa 5. Ke nan in ka yi rabin awa kana tafiya gaba, keke ya lalace, dawowarka za ta haura awa guda. Fita da zarar an idar da la'asar, ka tsayar da lokacin juyowa tun daga gida, yadda za ka iso kafin kiran magariba ko da ka tsaya faci sau ɗaya. Faci a hanya yana cin minti 20 zuwa 30 ga wanda hannunsa bai saba ba.

Hanyar da ba ka sani ba, fara binta da rana. Faɗa wa mutanen gida inda ka nufa da lokacin dawowa. Inda ake fama da matsalar tsaro kuwa, tsaya a hanyoyin bakin gari inda manoma ke kai da komowa, kuma ku fita ku biyu ko fiye.

12. Abin da za ka ɗauka

Tiyub na ajiya, famfo, liba, gam, faci, samfefa, sifana, ruwan sha, waya mai caji, da guntun tsohuwar taya ko na buhu mai faɗin yatsu uku. Farar fitila a gaba, ja a baya, da tocila ta goshi, domin faci a duhu yana son hannu biyu. Sa takalmi rufaffe da hular kwano, ka ɗaure bakin wando ko ka tattare riga daga kaca. Farin tabarau yana tare ƙwari da ƙura. Taya da aka yi wa faci yau, a bar ta kamar awa guda a ga ko iska na sauka kafin a shiga daji da ita.

13. A kan hanya

Bi tsakiyar turba inda ƙafa ta tattake. Gefe shi ne matattarar tsidau da karyayyun rassan shingen ƙaya da manoma ke kare gona da su. Ƙarƙashin aduwa da bagaruwa, in hanya ta bi ta nan, gara ka sauka ka ɗaga keken. Bayan ka wuce irin wurin, tsaya ka juya kowace taya ka karkaɗe abin da ya maƙale tun bai nutse ba. Amma ƙayar da ta riga ta shiga sosai kuma iska ba ta sauka, bar ta. Ita ce ta toshe ramin, ka cire ta a gida.

A cikin yashi, sauka zuwa giya mai sauƙi tun kafin ka shiga, ja jiki baya, ci gaba da taka feda, kada ka juya kan keke da ƙarfi kuma kada ka damƙe birkin gaba. A gangaren kwazazzabo rage gudu tun daga sama da birki biyu, ka ɗaga daga sirdi, feda biyu a daidaice. Da damina kada ka ratsa ruwan da ba ka ga ƙasansa ba.

Yamma lokacin dawowar shanu ne. In ka haɗu da garke a burtali, sauka, ka matsa gefe, ka yi sallama da makiyayi, ka bari su wuce. Kada ka kaɗa ƙararrawa a tsakiyarsu. Masu dawowa daga gona da kaya a ka, yi musu magana tun daga nesa.

14. In taya ta sace a daji

Tsaya nan take. Hawa kan taya marar iska ko na ɗan taƙi yana datse tiyub a wurare da yawa, ya lanƙwasa rim. Ja keken zuwa fili mai tsabta, nesa da ciyawa, tarin duwatsu da suri. Kububuwa tana fitowa da faɗuwar rana, kuma launinta ya saje da ƙasa, don haka haska wurin kafin ka tsuguna ko ka ajiye hannu.

Saka tiyub na ajiya, ka naɗe hujajjen ka kawo gida. Amma mataki na 5 ba ya faɗuwa don ana sauri: laluba cikin taya kafin sabon ya shiga. In taya ce ta yage, shimfiɗa guntun tsohuwar taya ko buhun nan ta ciki ya rufe tsagar, ka busa iska daidai wadda za ta ɗauke ka, ka tafi a hankali.

In babu tiyub kuma gam ya ƙi, yanke tiyub daidai kan hudar, ka ƙulle kowane baki tam, ka miƙe shi ka mayar, zai riƙe iska kaɗan da za ta kai ka bakin gari. In famfo ne ya mutu, cire tiyub ka cusa busasshiyar ciyawa cikin taya da yawa har ta yi tauri, ka mayar da leɓenta. Hawan zai yi nauyi da kwaranniya, amma rim zai tsira. A wuri mai duwatsu ka sauka ka tura.